Jinjiri Mai Ashana

A Darini, in ka hango hayaƙi daga bakin fadama, ba sai ka tambaya ba, Malam Jinjiri ne. Mutumin kirki ne, ga fara'a, amma ya yarda da wuta fiye da kima. Ciyawa, wuta. Kiyashi, wuta. Kafin ya zuba irin tumatir sai ya shimfiɗa kara a fangali ya banka masa, kamar yadda ya ga ubansa na yi.

Sai lambun ya fara yi masa gardama. Tumatir ya tashi shar, da rana ta take sai ya langaɓe. In ya tuge, saiwar duk ƙulli-ƙulli kamar carbi. Abin ya ci masa rai ƙwarai. Ya ce wa matarsa Tayyiba in bana ma haka ne, zai bar lambun ubansa ya tafi ci-rani Kano, da furfurarsa da komai.

Ikilima, malamar gona daga Batsari, ta duba saiwar. Ta ce wasu tsutsotsi ne da ido ba ya gani, su ke shiga ciki. Ta ba shi wani koren gari. "Baba, funfuna ce mai rai, tana cin ƙwan tsutsar. Ka cakuɗa da ruɓaɓɓen taki ka zuba a fangali."

Jinjiri ya yi yadda aka ce tsaf. Daga nan, don a taimaka wa magani, ya shimfiɗa kara a kai ya kyasta ashana. Wallahi har da murmushi ya yi.

Da Ikilima ta dawo ta ga toka, sai ta dafe kai. "Baba, ai ka gasa ma'aikatanka."

"Mai rai kika ce, ko?" in ji shi a hankali. Kunya ta rufe shi. Tayyiba kuwa dariya ta yi har da riƙe ciki.

Sauran garin kaɗan ne, lokacin shuka kuma na ƙurewa. Ikilima ta ce in dole sai ya ƙona, to ya ƙona tukuna, ƙasa ta huce, sannan a zuba, a riƙa ba ta laima. Haka aka yi. Amma Tayyiba ba ta yarda da shi ba, ta ƙulle ashanar a bakin zaninta. Ko shayi zai dafa sai ya roƙa.

Da tumatirin ya fara fure, Jinjiri ya kasa haƙuri. Ya durƙusa ya tuge guda. Saiwa fara tas, ƙulli bai fi a ƙirga da yatsu ba. Ya daɗe yana kallonta, idonsa ya ciko.

"To Malam, Kano fa?" Tayyiba ta tambaya.

"Wace Kano? Miƙo mini ruwa, na tuge lafiyayye a banza."

Ya tona rami da yatsa, ya mai da shi, yana ba shi haƙuri.