Ƙwayar Safe a Wurin Gini

Akwai ranar da ba ta taɓa fita raina ba, kuma duk sanda na tuna ta sai raina ya sake ɓaci. Ku da kuka shigo sana'ar magani bayanmu, ya kamata ku ji ta.

Lokacin farar hula sun karɓi mulki, Abuja duk inda ka waiga gini ake yi. Ina da kantin sarin magani a Garki. Cikin masu saye a wurina akwai wani kamfanin gine-gine da ke ɗaukar auduga, bandeji da aidin na wanke rauni. Fomansu, Oga Sunday, shi ke zuwa karɓa.

Ran nan da hantsi ya shigo da sauri.

"Alhaji, ba ni tonik na ƙarin jini, mai ƙarfi, katan guda."

Na ce, "Katan? Biki za ku yi da shi?"

"Bulus ne, babban magininmu. Jininsa ya yi ƙasa. Mun ba shi malt da madara, bai tashi ba. Jibi za mu zuba kankaren dekin bene, dole ya hau sama."

"Yana ina?"

"Yana mota."

Na fita. Na same shi kwance a bayan a-kori-kura, kan buhunan siminti. Na san Bulus, ƙato ne, daga Paikon Kore yake zuwa aiki kullum. Na ja fatar idonsa ƙasa, fari fat. Tafin hannunsa ma haka. Yana haki, alhali ko taku ɗaya bai yi ba. Na matsa kusa na tambaye shi yadda bayan gidansa yake.

Ya kau da kai, ya ce, "Alhaji, baƙi ne kamar kwalta. Ya daɗe a haka."

"Me kake sha?"

"Ba komai. Sai ƙwayar safe."

Ga waɗanda ba su san wurin gini ba: a wannan kamfani, kafin a fara aiki leburori kan jeru, foman ya zuba wa kowa haɗin ƙwayoyin kashe ciwo a tafin hannu, su kora da shayi, ciki ba komai. Wai don kada jiki ya yi tsami. Wurin masu talla a faranti suke saye.

Na juya wurin Sunday. "Kai ne ke ba shi wannan kullum?"

"Kowa na sha, Alhaji. Ni ma ina sha. Oga Injiniya ya sani."

"To mutumin nan jini yake zubarwa ta ciki. Ka ba shi tonik, ka tura shi saman bene, ya faɗo, sai ku ce tsautsayi ne ko?"

Ya ce shi dai aiko shi aka yi. Na ce ya koma ya gaya wa wanda ya aiko shi ban sayar ba. Na sa Bulus a motata muka nufi asibiti.

Aka ɗebi jininsa aka auna abin da suke kira himogulobin, wato sinadarin da ke sa jini ya yi ja, wanda ke kai iska ga duk sassan jiki. Likitar ta dubi sakamakon, ta dube ni, ta ce, "Da ƙafarsa ya shigo?" Ta bayyana mini cewa ƙwayoyin ne suka ci bangon cikinsa. Ta ce abubuwa da yawa ke sa jini ya yi ƙasa: zazzaɓin cizon sauro, tsutsar ciki, rashin abinci mai gina jini, sikila, zubar jini. Kowanne da maganinsa, kuma sai an gano dalilin ake gyara.

Ana bukatar ƙarin jini nan take. Leburori 'yan'uwansa suka zo da siminti a ƙafafunsu suka bayar. Daga ofishin kamfani ko waya ba wanda ya yi.

Bulus ya tashi. Aka hana shi ƙwayar, aka yi masa maganin gyambon ciki, aka ba shi ƙwayar ƙarin jini ta watanni, da sharaɗin kada ya kora ta da shayi. Aka ce ya riƙa cin hanta, wake da zogale. Da ƙarfinsa ya dawo ya koma wurin aiki, sai ya tarar an ba wani gurbinsa, wai ya bar aiki ba izini. Na je da kaina na sami Injiniyan. Ya ce, "Alhaji, kai ɗan kasuwa ne, ka tsaya a kasuwarka." Daga ranar na daina sayar musu ko da auduga.

Abin da na koya shi ne, mai zuwa sayen maganin ƙarin jini don wani, sau da yawa ba lafiyar mutumin ce ta dame shi ba, aikin da ya tsaya ne. Ku ce a kawo muku mai jikin ku gan shi, sannan ku tura shi gwaji. Za ku rasa ciniki. Sunday bai bar layinmu ba sai da ya sami katan ɗinsa a kanti na gaba, kuma mai kantin har yau muna sahu ɗaya da shi a masallaci.