Ƙawar Kakata Ta Bango

Ƙamshin man kaɗanya har yau yana tayar mini da fushi, ku yi mini uzuri. Shi kakata take shafa mini in za ta yi mini kitso, a hawa na sama na dogon beninmu a unguwar Minguettes ta Faransa.

Makitsiya ce a Damagaram, ƙofarta ba ta rabuwa da mata. Aka kawo ta Faransa neman magani, ta zauna ba Faransanci, ba maƙwabciyar hira. Da sanyi ya shigo, ko taga ba ta leƙawa.

Wata shekara babana ya kawo kalanda daga sito inda yake aiki, cike da zanen matan Japan na da. Kakata ta yanke ɗaya ta manna kusa da gadonta: mace fara fat, ta sunkuyar da wuya, gashinta a naɗe da tsinke uku. Kullum sai ta gaishe ta, ta tambaye ta wa ya yi mata wannan aiki, ta kushe shi, ta kuma gwada a kaina. Sai ka ji tana dariya ita kaɗai. Lokacin salla kuwa ta rufe ta da ɗankwali, in ta sallame ta buɗe.

Sai baffana, yayan babana, ya zo daga Paris, inda yake dako a kasuwar Rungis. Ko gaisuwa bai ƙarasa ba ya ce mala'iku ba sa shiga ɗaki mai hoto. Ya ɓamɓare takardar, ya keta ta gida huɗu a gaban uwarsa. Babana ya sunkuyar da kai. Wallahi wannan shirun ya fi yi mini zafi.

"Mi ta yi maka?" kakata ta tambayi baffana.

Daga ranar ba ta ƙara taɓa kaina ba, ba ta kuma yarda an ɗauke ta hoto ba, ko ranar Salla. Sai ta kare fuska da mayafi ta ce kada ita ma a keta ta.

Yanzu kowa da hoto a aljihu. Baffan nan duk Juma'a sai ya turo mana nasa, da hula da carbi. Bara ya kira ni, murya ta tsufa, ya ce fuskar Hajiya, mahaifiyarsa, ta fara ɓace masa, ko ina da hotonta?

Na ce babu.