Jirgin Yaya Sabi'u da Masu Jawabi a Kansa

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Sabi'u a nan Doha. A kowace shekara cikin bakwai ɗin nan sai an taru a wani gidan abinci a unguwar Najma, an rataya hotonsa, an yi jawabi. Ina so in faɗi abin da ba a faɗa a wurin.

Yaya makanikin jiragen ruwa ne. Ya daɗe yana kula da jiragen wani Balarabe, kafil ɗinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar, har mutumin ya bar masa wani tsohon ƙaramin jirgi mai inji, ya ce ya yi yadda ya so da shi. Abin da ya so shi ne duk ranar hutu ya kwashi 'yan'uwanmu masu gadi da direbobi, waɗanda ke kwana a cunkushe cikin ɗaki ɗaya, ya fita da su teku su sha iska, su jefa ƙugiya.

Ya taɓa gaya mini cewa a ƙasashen ƙanƙara da sanyi ake ajiye jirgi, a tsiyaye ruwan injin don kada ya daskare ya tsaga ƙarfe. A nan kuwa da zafi ake ajiyewa, kuma gishiri ne abin tsoro. Na sha ganinsa yana yi. Sai ya sa tiyo ya kora ruwan famfo cikin injin har gishirin ya fita, ya kwance notin ƙasa ruwan ya tsiyaye tas, ya zura waya ya share ramin. Ya canza baƙin mai, ya cire fulogi ya fesa mai a ciki, ya shafe ko'ina da giris, ya ɗauke batir. Aikin yini guda ne, yana yi yana hira.

Ciwon zuciya ya ɗauke shi a ƙarshen sanyi, kafin lokacin ajiya ya zo. Ni na tafi gida wurin mahaifiyarmu, dawowata kuma ta ɗauki lokaci mai tsawo. A tsakanin nan Alhaji Bala, shugaban 'yan garinmu a nan, ya miƙe a gaban jama'a ya ce Sabi'u amininsa ne, jirgin amana ne a wuyansa. Wannan aminin bai taɓa shiga jirgin ba, wai teku na sa shi jiri. Amma ya sa aka ja shi zuwa gonar wani abokinsa a Umm Salal, ya tsaya kusa da shi aka ɗauke shi hoto.

Da na dawo na yi ta neman Alhaji ya kai ni wurin jirgin, kullum amsar ita ce sai an samu sarari. Na bar masa saboda girmansa. Bara na gaji, na je da kaina, ya biyo ni yana haki. Kaji sun mai da wurin zaman direba akurki. Na kwance notin ƙasa, babu abin da ya fito sai na tsokana da waya, sannan wata jar laka ta ɓulɓulo. Ruwan fitar Yaya ta ƙarshe ne, yana nan yana cin ƙarfen. Injin ya cije, gefensa ya rube har ɗan yatsa na shiga.

"Alhaji, ko sau ɗaya ba a wanke shi ba?"

"Ai na rufe shi da tamfol, ƙanena. Kayan marigayi ne, ban so kowa ya taɓa."

Makanikai uku 'yan garinmu sun roƙe shi ya bari su duba, ya hana. Taɓawa ce ba ya so, domin ranar da jirgin ya koma ruwa, wani ne zai riƙe sitiyari, shi kuma ba shi da sauran abin nunawa.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya ga wannan taro na Najma, inda ake kiransa gwarzo ana tauna kaza. Ba mai yawan faɗa ba ne. Ina jin zai saurari jawabin har ƙarshe, sannan ya tambayi ko akwai wanda ya zo da tiyo. A ɗakin nan kaf ba za a samu ko mutum ɗaya mai tiyo ba.

Injin ya tafi wurin masu gwangwan, ban yi kuka a kansa ba. Abin da ya rage na Yaya na same shi a bakin Baba Isa, wani dattijo ɗan Zangon Kumasi mai gadi. Ya ce mini ya yi shekara da shekaru yana tsaron bene mai kallon teku, bai taɓa jin ruwan a tafin hannunsa ba sai da Sabi'u ya ce masa, "Yalla, Baba, shigo." Har yau duk sallar da ya idar sai ya ambaci sunan Yaya a addu'a. Baba Isa yana zuwa taron kowace shekara, ya zauna can baya kusa da ƙofa. Ba a taɓa miƙa masa lasifika ba.

Allah ya jiƙan Yaya Sabi'u, ya haskaka makwancinsa.