Kaset Ɗin Jaki Mai Waƙa

Shekarun baya can, lokacin da shagunan hayar kaset suke ta rufewa a Sakkwato, ni kuma na shiga bin su ina kwashe abin da suka rasa mai saye. Ba manyan finafinai nake nema ba. Na fi son masu waƙa da rawa waɗanda ko masu yin su sun manta da su. Samari na tara kuɗin aure, ni ina tara buhunan kaset.

Wata rana mahaifiyata ta leƙo ɗakina ta ce, "Kai, mi kaka yi da tarkacen ga? Ɓeraye sun ishe mu. Kafin Juma'a ka fid da su."

Sai na zauna tantance waɗanda zan zubar. A ciki akwai wani da na samo a Ƙofar Kware, duk ya yi hunhuna. Na goge shi da auduga, na saka. Labarin wani manomi ne da jakinsa ke amsa masa waƙa. Ina ta dariya mahaifiyata ta shigo za ta ƙara faɗa, daidai an nuno 'yan mata suna gaɗa a dandali.

Ta ce, "Tsaya. Maida shi baya."

Na mayar. Ta matso ta ɗora yatsa a kan gilashin talabijin, a fuskar wata mai koren kallabi.

"Wallahi ƙanwata ta."

Ƙanwar nan tata ta rasu wurin haihuwa tun ina ƙarami, kuma ba ta bar hoto ko ɗaya ba, don kakanmu bai yarda da ɗaukar hoto a gidansa ba. Ashe ta je biki ƙauye, masu fim suka ɗauke su ba wanda ya sani. Sau bakwai na maimaita wurin. A na ƙarshe mahaifiyata tana bin amshin a hankali, tana share hawaye da bakin mayafi.

Na kai wa abokina mai aikin hoto kaset ɗin, ya ciro fuskar ya wanke. Muka kai wa ɗiyar marigayiyar, wadda ba ta taɓa ganin uwarta ba. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ashe wushiryarta na ɗauko."

Ban yi wani abin kirki da yawa a zamanin samartaka ba. Amma duk sanda na shiga ɗakin ɗiyar na ga hoton nan a bango, sai in ji ƙirjina ya cika. Wannan kam da hannuna na tsamo shi.