Ranar da Taubashina Ya Ɗaga Kwalba

Ko na manta shekaruna, ba zan manta safiyar da taubashina ya kunyata kansa a bakin gulbi don a ceci ƙauyensu ba. Lokacin Turawa ba su tafi ba, ina aikin asibiti a Gwandu, sai aka haɗa ni da wani likita Bature mu bi gari gari muna tambayar cututtukan da ke daɗewa a jikin mutane. Inda aka tarar ciwo ya fi yawa, can za a riƙa kai magani ranar kasuwa.

A cikin Gwandu ba mu sha wuya ba. Mutanen gari sun saba da asibiti, kafin ka rufe baki sun lissafa maka ciwonsu da na kakanninsu. Amma da muka gangara ƙauyukan masunta na wajen Kalgo, kowa muka tambaya sai ya ce, "Lahiya lau." Mutum ga ciki ya kumbura, ga ido ya yi fari fat, amma lahiya lau. Likita ya dube ni ya ce, "Ko dai ruwan nan magani ne? In haka ne, babu dalilin kawo allura nan."

Gabana ya faɗi, don uwata 'yar can ce. Na san tsargiya ta cinye su. Yaro ya fara fitsarin jini, sai a ce ya zama namiji, ba wanda ke kiran abin ciwo. Wanda kuma ya kwantar, kunya ba ta barinsa ya faɗa gaban baƙo. Na yi wa likita bayani, ya ce ya yarda da ni, amma manyansa ba za su saki magani kan maganar mutum ɗaya ba, sai an gani.

Ƙauyen kawuna ne na ƙarshe. Maza suka taru a mashigi, ga taubashina, ɗan kawun nan nawa, zaune a kan jirginsa da aka kife. Mutumin da a da shi kaɗai ke jan taru, yanzu hannunsa kamar sillen kara. Shi ma ya ce wa likita lahiya lau. Raina ya ɓaci, amma sai na tuna tsakanina da shi babu maganar da ba ta faɗuwa. Taubashi ai ko gaban sarki ka tsokane shi.

Na ɗaga murya na ce, "Kai raggo, an ce taru ya hi ƙarhinka, yanzu matarka ka ciyar da kai!"

Aka fashe da dariya. Ya ce, "Ji bawana! Kai da kag gudu birni wankin gyambo, mi kas sani ga ruwa?"

Na ce, "In lahiyarka lau, tashi ka birkice jirgin ga mu gani."

Dariya ta tsaya. Ya daɗe yana kallona, har na ji tsoron na wuce gona da iri. Sai ya miƙe a hankali, ya karɓi kwalbar gwajin fitsari daga hannun likita, ya shiga bayan ciyawa. Da ya fito bai ɓoye ta cikin riga ba. Ɗaga ta ya yi sama gaban surukansa da ƙannensa, ja wur kamar zoɓo.

Ya ce, "Ga lahiyar tawa. Kowa nan haka shike, ku bar ƙarya. Ni na gama, amma ɗiyana ba su gama ba."

Wani tsoho ya riƙe baki ya ce, "Ashe wanga ciwo na? Mu mun aza gadon masunta na." Kafin azahar kwalabenmu sun ƙare, sai da aka riƙa wankewa ana sake ba wasu.

Da kaka aka fara kawo magani ranar kasuwarsu. Alluran na da zafi, taubashina ya sha su yana zagina. Bai koma jan taru shi kaɗai ba, amma ya rayu har ya aurar da jikoki. Duk lokacin da na gaishe shi sai ya ce, "Lahiya lau, bawana, wanga karon kuma gaskiya ta."

Na yi aiki da manyan likitoci bayan haka, amma ban taɓa alfahari da wani kamar yadda na yi da taubashina ba. A wurinsa na koyi cewa a ƙasarmu lafiya lau gaisuwa ce, ba amsa ba. Tun daga ranar, in mara lafiya ya ce mini lafiya lau, sai in gyara zama in sake tambayarsa.