Sunan 'Yar Fari da Katun Ɗin La'asar

Ni ba mai kallon katun ba ce. Ko a Kano in yara suka kunna, tashi nake in ba su wuri. Amma zaman Danau Kota, unguwarmu a Malesiya, ya koya mini abubuwa da yawa, ciki har da zama a kan kafet da tire a cinya, ina cire kawunan ƙananan busassun kifin nan na mutanen Malesiya, ina jiran wani yaro mai farin gashi ya buɗe baki ya faɗi abin da ke ransa.

Maigidana ne ya kawo mu. Karatu ya zo, da ya gama suka riƙe shi koyarwa. Ni nawa karatun a firamare ya tsaya, sai Islamiyya. Babbar 'yata ta zo ƙasar nan tana ƙarama, da Hausarta raɗau a baki, amma kafin ta shiga sakandare Turanci ya cinye ta. In yi mata magana da Hausa, ta amsa mini da Turanci, in ta ga dama ta liƙa "lah" ɗin mutanen garin a ƙarshe. Ina gane abin da take faɗa, kunne dai Allah Ya ba ni, amma hira ba ta tsawo a tsakaninmu. Ta dawo makaranta, ta gaishe ni, ta shige ɗaki.

Wata rana bayan la'asar ruwa ya tsuge, irin na garin nan da ba ya sallama. Wayarta ba caji, sai ta fito falo ta kunna abin nata a talabijin. Anime, in ji ta, na mutanen Japan. Na ɗago kai na ga yara da rigunan makaranta suna tashi sama a kan guntun gajimare.

Na ce, "A'uzu billahi. Tsafi kike kallo?"

Ta ce, "Umma, zane ne fa."

Da Hausa ta faɗa. Na yi kamar ban lura ba, na gyara zama.

Makaranta ce a kan wani dutse mai yawo a sararin sama. Ɗalibanta kashi biyu ne: 'yan hasumiya, waɗanda aka haifa da sihirin a jininsu, da 'yan ƙasa, waɗanda suka shigo da jarrabawa. Ko ɗakin cin abinci ba ɗaya ba ne. Yaron mai farin gashi ɗan hasumiya ne, yana ajin ƙarshe. Yarinyar kuwa sabuwar shiga ce, 'yar mai gasa burodi, duk sihirinta bai wuce ta kunna 'yar fitila a tafin hannu ba. Da yarensu suke magana, Turancin yana gudu a ƙasan allo, kafin in haɗa harafi biyu ya wuce. Dole 'yata ta zama tafintata.

"Me ya ce?"

"Ya ce za a yi ruwa."

"Duk wannan jan numfashin, ruwa kawai?"

"Umma, sonta yake. Ba zai iya faɗa ba."

"To ya turo magabatansa mana, ya bar ɓata wa 'yar mutane lokaci."

Ta yi dariya har da faɗuwa a kan kujera. Rabon da in ji wannan dariyar kusa da ni, na manta.

Daga nan abin ya zama namu. Duk mako ake sakin sabon kashi, ranar kuwa tun azahar nake gama girki. Wani lokacin in ba ƙannenta kuɗi su sauka shagon mamak, masu sayar da abinci, su yo mana tapau, wato ƙunshin gurasarsu da ake kira roti, don kada tukunya ta tashe ni. Hausar tata duk ta karkace, ta ce wa namiji "ta", ta ce wa mace "ya", in ta rasa kalma ta cike da hannu. Ban taɓa gyara mata ba. Tsoro nake kada ta ji kunya ta koma Turanci.

Ni na fara lura da maganar sunan. Yarensu ban sani ba, amma kunnena ya riƙe cewa ƙawayen yarinyar da wani gajeren suna suke kiranta, shi kuwa yaron da wani dogo daban. Na tambaya. 'Yata ta ce a can ba a kiran mutum da sunansa na yanka sai an shaƙu ƙwarai. Na gidansu ake kira. Ta ce duk masu kallo abin da suke jira ke nan, ranar da zai kira ta da nata na kanta.

Na ce, "Allah sarki, ashe suna da kunya. Mutanen kirki."

Ta ci gaba da kallo, ni ma ban kawo komai a raina ba.

Ni ban taɓa kiran sunan 'yar nan tawa ba. 'Yar fari ce, kuma sunan Hajiya, mahaifiyar maigidana, aka sa mata, kunya biyu ke nan a kaina. Babanta "Mamana" yake ce mata. Ni kuwa "ke" ce, ko in ce wa ƙannenta su kira mini yayarsu. Haka na taso na gani. Innata har ta koma ga Allah ban ji sunan babban wanmu a bakinta ba, kuma kowa ya san duk cikinmu shi ne nata. Sai dai a gidanmu na Kano akwai kaka, akwai gwaggo, akwai matan kawunnai. Su ke kiran ɗan fari, su goya shi, su yi masa kirari, su gaya masa a ɓoye cewa uwarsa ta hana kanta nama ta ajiye masa. A nan kuwa daga mu sai bango da na'urar sanyaya ɗaki. Ba wanda zai gaya mata. Maƙwabciyata 'yar Malesiya kullum tana rangaɗa wa 'yarta kira ta baranda, ta rungume ta a gaban lif. Wannan 'yata ta taso tana gani.

Ranar da abin ya faru a katun ɗin, gab da ƙarshe ne. Dutsen makarantar ya tsage, ɓangaren 'yan ƙasa ya fara zamewa, yarinyar tana kai. Yaron yana can saman hasumiya, malamai sun riƙe shi, dokar makaranta ta hana ɗan hasumiya sauka. Ya fizge, ya zo bakin tsagin, ya ƙwala mata kira da gajeren sunan nan. Kiɗan ya tsaya cak. Wannan ba ya buƙatar tafinta, ni ma sai da tsikar jikina ta tashi.

Na juya in ce mata ai ga shi ya faɗa, sai na ga hawaye har haɓarta.

Na ce, "Ke, a kan zane?"

Ta share fuska da bayan hannu. Ta fara da Turanci, sai ta tsaya, ta sake ɗaukowa da Hausa a hankali, tana zaɓar kalmomin.

"Umma, ke yaushe za ki kira nawa?"

Na ce, "Wace irin magana ce wannan? Kin san dai sunan wa gare ki."

"Na sani. Abba ya gaya mini. Amma ko sau ɗaya? Ba kowa a nan. Hajiya tana Kano, ba za ta ji ba."

Ina da amsa, amsar ma mai yawa. Amma abin da ya fito daga bakina shi ne, "Tashi ki kwashe shanya, hadari ya haɗo."

Ta tashi ta kwashe.

Mako na zagayowa na gama girki da wuri, na shimfiɗa kafet. Ta dawo, ta gaishe ni, ta shige ɗaki. Da na leƙa, tana kwance da waya da abin ji a kunne, a nan take kallon kashin ƙarshe. Ba fushi take ba, ba ta taɓa yi mini rashin kunya ba. Aike ta je, wanke-wanke ta yi. Hausar ce dai ta koma inda ta fito. Har yau ban san yadda yaron da yarinyar suka ƙare ba. Ƙanwarta ta ce mini wai ya gama makaranta ya tafi, wai za a yi ci gaba. Ban sake tambaya ba.

Na gwada, Allah Ya sani. In kowa ya fita, sai in buɗe famfon kicin in faɗi sunan a ƙarƙashin ƙarar ruwa. Sai in ga fuskar surukata, da carbinta, da yadda ta riƙe ni kamar 'yar cikinta tun ina amarya, in ji kamar na ɗaga mata murya. In rufe famfo in yi istigfari, ban ma san na mene ne ba.

Shekaru suka tafi a haka, har ta samu jami'a a Bukit Jalil. Ba nisa, jirgin ƙasan cikin gari na LRT ma yana zuwa, amma babanta ya ce zirga-zirgar za ta yi yawa, ta zauna a ɗakin ɗalibai ta riƙa zuwa ƙarshen mako. Ranar tafiya na cika mata jaka da yaji da kuka da dambun nama. Na raka su bakin lif da hijabina a kan kayan gida. Babanta ya shiga da akwati, ita ta rusuna ta ce, "Umma, sai Juma'a." Na ce Allah Ya tsare, a kula da salla, ban da yawo. Ta shiga, ta juya tana gyara jakar a kafaɗa.

Ƙofar ta fara haɗuwa. Ban shirya ba, ban kuma yi shawara da kowa ba, na ji sunan ya fita daga bakina. Ba da ƙarfi ba. Ni kaina da ƙyar na ji shi, ga ƙarar fankar lif, ga yaran maƙwabta suna gudu a baranda. Na ga kamar ta ɗago kai, amma ƙofar ta riga ta rufe.

Na daɗe a tsaye ina kallon lambobin suna sauka.

Da babanta ya dawo na kawo masa abinci, na zauna gefe ina ta juya cokali a kofi. Can na ce, "Ta ce wani abu a hanya?"

Ya ce, "Ta ce kin manta ba ki sa mata man shanu ba."

"Shi ke nan?"

Ya ɗan dube ni, ya mai da kai kan tuwonsa. "Shi ke nan. Taga take ta kallo har muka isa."

Juma'a ta zo, ta gaishe ni, ta ci abinci, ta kwashe kwanuka. Ba ta ta da maganar ba, ni ma ban tayar ba. Tana wanke-wanke ina tsaye a ƙofar kicin ina kallon bayanta, ina so in tambaye ta ko ta ji, ban san ta inda zan fara ba.