Ranar da Barnaba Ya Sari Jirginsa

Barnaba mai fito ba mutumin sanyi ba ne, kada wani ya ruɗe ku. Tun yana yaro mahaifinsa ya zo da shi Kwarin Marke daga wajen Potiskum, ya girma a bakin kogin Haɗeja, ya gaji jirgin uban da zafin zuciyarsa. Gidansa kaɗai ne na Kirista a ƙauyen. Ranar Lahadi yakan hau babur zuwa coci a Haɗeja, ya dawo yana mitar wa'azi. Ayar da ta ce in an mare ka ka juya ɗaya kuncin ita ta fi tsaya masa a wuya.

"Baba Fasto, kuncina biyu ne," ya taɓa cewa. "In sun ƙare fa?"

Ba wasa yake ba. Ya taɓa fasa wa ɓarawon kifi kai da filafilin tuƙa jirgi, ya kuma jefa wani ɗan jagaliya a ruwa don ya zagi tsohuwa a cikin jirginsa.

Shekarar da kogi ya cika ya batse, kowane ƙauye ya tada jinga, tudun ƙasa da buhunan yashi a bakin gaɓa. Kansila ya kai wa mutanen tsallake buhuna mota guda domin su suka zaɓe shi, Kwarin Marke kuwa ko tsumma. Jingar tsallake ta tsaya daram, ruwa ya rasa hanya, ya juyo yana cin ta wannan gefen. Shinkafa ta fara nuna, kuma gonar Barnaba ce ta farko a bakin ruwa.

Da hantsi Mala, shugaban matasan ƙauyen, ya iso gaɓa da mutane riƙe da diga da adda.

"Baba Barnaba, fito da mu. Za mu ɓalle jingarsu ruwa ya sami hanya."

"Bayan jingar nan gidaje ne, Mala. Akwai masu jego, akwai tsofaffin da ba sa iya tashi."

"Mu namu ba 'ya'ya ba ne? Me za su ci? Kai ma gonarka ce a gaba."

Barnaba ya dubi shinkafar, ya san yaron bai yi ƙarya ba. Amma an koya masa ya ƙaunaci maƙwabcinsa kamar kansa, kuma shi da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana kaiwa yana komowa bai iya cewa maƙwabtaka ta tsaya a bakin ruwa ba.

"Ba zan kai ku ba."

"To, ba mu jirgin."

Ba wani jirgi a ƙauyen da zai iya wannan igiyar ruwa sai nasa. Ya shiga kamar zai kwance igiya, ya zaro gatari daga ƙarƙashin benci. Mutane suka ja da baya, don sun san hali. Sai ya ɗaga ya kafta wa cikin jirgin, ya ƙara, ya ƙara, har katako ya dare, ruwa ya ɓulɓulo.

Suka yi masa ca. Ƙotar diga ta sauka a kafaɗarsa, wani ya maka masa filafilinsa a baki, haƙora suka zube a laka. Gatarin yana hannunsa, kuma Allah ya sani ya so ya yi amfani da shi. Ya wurga shi cikin kogi. Sai da matarsa Rifkatu ta faɗa kansa tana kururuwa suka bar shi, hannun dama a karye.

Jingar Kwarin Marke ta ɓalle, shinkafa ta tafi gaba ɗaya. Ba a rasa rai ba, amma an sha yunwa, kuma har yau akwai masu kau da kai in ya yi musu sallama. Abin yana yi masa ciwo, ba ya ɓoyewa. Hannun bai koma daidai ba, yanzu tallan busasshen kifi yake a kasuwar Haɗeja.

A nan wani dattijon tsallake, Zarami, ya tarar da shi.

"Barnaba, ka cuce mu. Ka bar fito ba ko sallama, kullum sai mun zagaya ta gada. Lalaci ne ko girman kai?"

Jininsa ya tafasa, magana ta zo har bakinsa. Amma ya san in mutanen tsallake suka ji abin da aka shirya musu, sai an kwashi gawa a ƙauyukan biyu. Ya gyara kifin a kan faranti da hannun hagu.

"Jirgin ne ya tsufa, Malam," ya ce.